Kaurin Farce

A kan gadar Binuwai ta fara tari,
ni da buhu tara na busasshen kifin Lagdo.
Allurar zafi ta haye ja ta yi zamanta,
salansa na tururi kamar tukunyar dambu.
'Yan dako suka turo ni har Rumde Ajiya,
gindin dalbejiya, garejin Baba Hamajoda.

Bai taɓa sifana ba tukuna.
Murfin mai ya kwance, ya lakato da yatsa,
ya kawo min dab da hanci:
baƙin mai ya koma kunun gyaɗa.
"Sali, tayar."
Ya leƙa bakin lagireto,
kumfa na bin kumfa, ɓul, ɓul,
alhali inji ko ɗumi bai yi ba.
Fulogi huɗu ya jera a kan tsumma,
uku da baƙin gumin aiki,
ɗaya fes, kamar mai shirin zuwa Idi.
"Mai tsabtar nan shi ya tona asiri.
Ruwa na shiga ɗakin wuta.
Gaskit ya ƙone. Juwan, in ji masu Faransanci.
Kuɗin dai ɗaya ne."

Ya ce, "Tun yaushe kake mata ɗurin ruwa?"
Na ce jiya.
Ya dubi jarkoki uku a bayan kujera.
Na ce tun azumi.

Motar ta mu biyu ce, ni da yayana Tanimu,
gadon tsohonmu, ba ta rabuwa.
Shi ya fara cewa tiyon ƙasa na yoyo.
Na ce ya saya, ya ce in saya.
Wata biyar ke nan ko a makoki
gaisuwa da ka muke yi.

Washegari suka ɗaga kan inji, mutum biyu da nishi.
Ga shi nan kwance,
abin da ya tsayar da kifi tara da cefanen gida biyu:
falle guda, kaurin farce,
ya ci wuta tsakanin rami na biyu da na uku,
tsaguwar ba ta kai tsawon ƙwayar shinkafa ba.
Shi ke ce wa mai bi nan,
ruwa bi can,
wuta ki tsaya inda aka ajiye ki.
Shekara nawa yana wannan aiki
ban san da zamansa ba.

Baba ya ɗora rula ta ƙarfe a fuskar kan,
ya kanne ido, ya ɗaga wa rana.
Haske ya ɓullo ta ƙarƙashi, siriri.
"Zafi ya tanƙwara shi.
Ka sa sabo a kan karkatacce,
kafin Pitowa ka dawo mini."
Aka kai wa mai injin fiƙa, kwana biyu.
Kifi na ta kiran ƙudaje.

Sali ya kankare tsohon dauɗa da reza,
a hankali, kamar wanzami a kan jariri.
Aka shimfiɗa sabo, busasshe, ba gam.
Sai ƙusoshi goma.
Na ce su yi sauri, la'asar ta yi.
Baba bai ɗago ba.
"Daga tsakiya ake farawa.
Kaɗan nan, kaɗan can, ka tsallaka, ka dawo.
Sau uku za a zagaya.
Ka ƙure ɗaya shi kaɗai,
ɗan'uwansa ne zai ɗaga."

Ban san ko da inji yake ba.

An zubar da kunun, an ɗura sabon mai.
Ta yi ƙi, ƙi, ta kama.
Hayaƙin ya yi fari, ya yi toka-toka, ya ɓace.
Allura ta hau rabi ta tsaya cak.
Muka zuba mata ido, mu uku, har aka kira magariba.

Jaka tamanin da biyar, har da sabon tiyo.
Hamsin gare ni.
Na zauna a kan tsohuwar taya,
na lalubo sunan Tanimu a waya,
yatsana ya bar masa tabon baƙin mai.
Tana ta ƙara.
Sali na wanke hannu da fetur da yashi.